Addu'ar da Ta Tona Asirin Sagiru

Wani mutum ne a Funtuwa, Sagiru, wanda in dai zancen kwamfuta ne to ka ja tabarma ka zauna, don ba yanzu zai gama ba. Cajin waya yake yi a wani ɗan shago, amma a bakinsa babu na'urar da ta taɓa gagarar sa. Wai ko tari kwamfuta ta yi, daga jin sautin ya san ciwonta.

Amaryarsa Hindatu ba mai yawan magana ba ce. Ko baƙuwa ta shigo sai ta yi ta wasa da gefen mayafi. Amma a kan wannan batu ita ce kakakinsa. Gidan suna, gidan biki, wurin kitso, a hankali za ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai maigidanmu injiniya ne." Ta sha ganin yana aiki. Ta ma taɓa lura hannunsa ya ja linzamin kwamfutar dama, 'yar kibiyar da ke kan allo ta tafi hagu. Sai ta ce a ranta, ikon Allah, ilimi in ya yi zurfi haka yake.

Abin da ba ta sani ba, akwai wani Tasi'u a Kaduna, abokinsa tun firamare, shi ne mai gyaran na gaskiya. Abu ɗaya Sagiru ya iya: ya sa wata manhaja a kwamfuta, ta fito da lambobi, ya zagaya bayan gida ya karanta wa Tasi'u a waya. Shi ke nan Tasi'u ya shigo daga can yana gyara, shi kuma gogan ya dafe linzami yana haɗe gira.

Ana nan sai kwamfutar Malam Barau, mahaifin Hindatu, ta rikice. Yana da 'yar makaranta, sakamakon jarrabawar ɗalibai duk yana cikin kwamfutar, ya ƙi buɗuwa. Ga shi dama yana neman malamin kwamfuta. Hindatu ta tattara ɗan ƙarfin halinta ta je gida.

"Baba, ga shi a gida, me za a je nema a waje?"

"Kin tabbata ya iya?"

"Wallahi Baba, ko kallon hannunsa ba ya yi."

Ranar Asabar da hantsi Malam Barau ya iso da kwamfutar a hammata. Ya ce in ta gyaru, aiki ya zama na Sagiru. Sagiru ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓa, ya ɗan kara kunne.

"Baba, wannan ƙaramin alhaki ne. Na gyara wadda ta faɗa rijiya."

Ya sa manhajarsa, ya ce cikinsa ya ɗan murɗa, ya fita wuf. Can ya dawo yana gyara hula. Kibiya ta fara yawo. Sagiru ya cafke linzami, ya shiga jan sa sama da ƙasa, ƙyas, ƙyas, har da gumi. Ganin suruki na kallo sai ya ƙara ƙaimi. Shafi ya buɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa.

"Gardama take yi, Baba. Amma ta san ni."

Hindatu na bakin ƙofa da kofin zoɓo, kanta ya kumbura har ɗankwali na neman zamewa.

Malam Barau ya ga yaro na shan wahala dominsa, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Bari mu taimaka maka da addu'a." Ya ɗaga tafukansa. Hindatu ta ajiye kofi ta ɗaga nata. To suruki ya ɗaga hannu, wa ya isa ya bar nasa a ƙasa? Sagiru ya saki linzami, ya ɗaga biyun duka.

Kibiya kuwa kamar an kwance akuya. Zuruf nan, zuruf can. Ta danna wannan, ta goge wancan, sai ga sunayen ɗalibai reras. Malam Barau na addu'a, ido ɗaya na kan allo. Muryarsa ta yi ta raguwa har ta ɗauke.

"Malam Sagiru, wa ke tuƙa ta?"

"Ai… na riga na ba ta umarni ne, Baba. Biyayya take yi."

Hindatu har ta gyaɗa kai. Ta yarda, wallahi ta yarda.

Sai wani farin shafi ya buɗe, haruffa manya suka fara fitowa da kansu. Malam Barau ya gyara tabarau, ya karanta a bayyane, dalla-dalla, kamar mai ba da shifta:

"Sagiru, tun ɗazu kake ƙwace min linzami kana rufe duk abin da na buɗe. Kai da ko adana takarda ba ka iya ba, ina ruwanka da taɓawa? Ko wane ne ya sa ka sake shi yanzu, Allah ya saka masa da alheri."

Hindatu ta ja mayafi har hanci, tana lissafa gidajen kitson da ba za ta ƙara takawa ba.

"Amin," in ji Malam Barau. "Hindatu, ki karɓo min lambar wannan bawan Allah, in ji ko yana sha'awar koyarwa."

Sagiru ya fara sauke hannu a hankali.

"A'a, Malam Sagiru, kada ka sauke. Bar su a sama har mutumin nan ya gama aikinsa."