Farin Rago, Jan Zare

Ranar da na dawo gida bayan shekarun da na kwashe a Aljeriya, sai da na tambayi hanyar gidanmu. Rimin da muke kwatance da shi an sare, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Rijiyar bakin kasuwa an toshe ta da siminti. Yaran da na bari ba wando su ne ke tuƙa babur, har ɗaya ya tare ni yana cewa, "Alhaji, ina zuwa?" Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa, kaɗi ya dawo. Sana'ar da na bari tana shure-shuren mutuwa a hannun tsofaffi, yanzu ita ake yayi. Kullum bayan la'asar mata sun cika tsakar gidan Gwaggo Kande, yayar babana, har da malaman makaranta, kowace da taskirarta da mazarinta. Ba don sayarwa suke yi ba. Wai dai hannu ya samu abin yi, baki ya samu abokin hira.

Abu ɗaya na tarar yadda na bar shi. Bakin Kawu Nomau.

Kawu Nomau ƙanin mahaifiyata ne, kuma babu abin da za ka ambata a duniyar nan wanda bai taɓa yi ba. Ka ce jirgin sama, ya taɓa gyara wani da ƙusa da igiyar rama. Ka ce kada, ya taɓa hawa bayan wani ya haye gulbi da buhun gero a ka. Shi da Gwaggo Kande taubasai ne, in suka haɗu sai an raba su.

Cikin tsarabar da na kawo akwai rigar sanyi ta ulu, saƙar hannu, da na ba matarsa Inna Tasalla. Fara ce sol, sai ratsin ja da na kore a hannuwa, wajen gwiwar hannu. Da yake bazara ake, ta shafa ta, ta sa mini albarka, ta tura ta ƙasan akwati.

To wata la'asar ina zaune wurin masu kaɗi, ina ba su labarin matan da na gani a can suna kaɗa gashin tumaki kamar yadda ake kaɗa auduga. Sai ga Kawu ya shigo aron tsani.

"Gashin tumaki?" Ya kece da dariya. "Yaro, yau ka fara gani? Ni da na kaɗa bargo guda a Agadas tsakanin azahar da la'asar!"

Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta dangwali alli ta murza mazarinta. "Nomau, kai da ko zaren wando ba ka iya zurawa."

"Ni? Kande, ni?"

Na ce, "Kawu, tumakin can daban suke. Gashinsu dogo ne mai laushi. Namu gajere ne, ga tauri kamar tsintsiya, ba ya kama juna."

"A hannun wanda bai iya ba!" Ya bugi ƙirji, dum. "Ga farin ragona can da nake kiwo don layya. Zan aske shi, ranar Juma'a in kaɗa muku zare a nan, gaban kowa. In na kasa, na ba ku ragon halak malak."

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Gwaggo. "In ka iya kuwa, ni Kande zan durƙusa a ƙofar gidanka in kira ka Sarkin Kaɗi."

Wannan rago kuwa shi ne ran Kawu. Dusa da hannu yake ba shi. Ko Inna Tasalla ba ta samun irin kallon da yake yi wa dabbar nan.

Washegari unguwa ta tashi da kukan rago. Meee! Meee! Kawu ya danne shi da gwiwa, ya bi shi da almakashi, inda almakashi ya gaza ya sa reza. Kafin hantsi rago ya koma kamar kazar da aka fige. Kunya ta hana shi fitowa daga bayan rumbu. Gashin kuwa Kawu ya wanke shi da sabulu, ya shanya a kan tabarma, iska ta kwashi rabi ta raba wa maƙwabta a miya.

Juma'a ta zo. Tsakar gidan Gwaggo ba masaka tsinke, har da maza a kan katanga. Rana kuwa kamar ta sauko ta zauna tare da mu. Sai ga Kawu cikin babbar riga, ya yi wani irin kauri, gumi na bin gemunsa ɗis-ɗis.

"Nomau, ƙiba ka yi cikin kwana biyu?"

"Kwarjini ne, Kande. Ba ki saba gani ba."

Gwaggo ta ce in laluba aljihunsa, kada ya shigo da zaren kanti. Na laluba. Goro ne kawai da asuwaki.

Ya zauna ya harɗe. Ya karɓi bakan shiɓa, wai zai buɗe gashin tukuna. Ya ja tsarkiya, tsiiin! Gashi ya tashi fuuu, ya bi hancin jama'a. Atishawa ta ɓarke ta ko'ina. Malama Lantana, shugabar makarantar 'yan mata, ta yi guda biyar a jere har ɗankwalinta ya zame.

"Haka ulu na gaske yake," in ji Kawu. "Sai mai ƙarfin hanci."

Ya dunƙule ragowar a hannun hagu, ya dangwali alli har wuyan hannu, ya kafa mazari a ƙoƙo, ya murza. Firrr!

Jama'a, sai ga zare!

Fari tas, yana fitowa daga dunƙulen hannunsa, sumul, ba ya tsinkewa. Ni kaina baki na sake. Gwaggo ta matso ta ƙura ido.

"Me ya sa yake lanƙwashe-lanƙwashe kamar taliyar yara?"

"Jahilci dai! Ragon ne mai taurin kai, dole zarensa ya yi gardama."

Ya naɗe kamu uku ko huɗu a jikin mazari, ya miƙe yana karkaɗe riga. "To, Kande, gobe da hantsi ina ƙofar gida. Ki zo da tabarmar durƙuso."

"Zauna," in ji Gwaggo. "A gidan nan ba a ce mutum ya yi kaɗi sai ya cika mazari. Ko 'yar koyo ta san wannan. Ko ba haka ba, mata?"

"Haka ne!"

Kawu ya dubi hannun rigarsa, ya dubi ƙofa. Ƙofa ta cika da mutane. Ya koma ya zauna.

Firrr. Firrr. Yanzu a hankali yake ja, kamar mai cire ƙaya. Dunƙulen gashin da ke hannunsa kuwa ko kaɗan bai ragu ba. Can sai Malama Lantana ta yi ƙara.

"La ilaha! Zaren ya zama ja!"

Ja wur, kamar jinin yanka.

"Nomau," in ji Gwaggo a sanyaye, "ragonka ba fari ba ne?"

Kawu ya share gumi da kafaɗa. "Zoɓo nake ba shi. Ta ciki yake rinewa."

"Ikon Allah. Ci gaba."

Ya ci gaba. Ba a jima ba ja ya ƙare, kore ya biyo baya shar.

"Wannan kuma fa?"

"Ɗanyar harawa ce!"

Mazan kan katanga suka fara faɗowa don dariya. Ni kuwa na san fari da ja da koren nan. Ni na yi cinikinsu da bakina. Kafin in ce uffan, sai ga Inna Tasalla ta kutso, mayafi a hannu, tana haki.

"Sallau! Ɗana, an shiga ɗakina! Rigar da ka kawo mini, na zazzage akwati..."

Idonta ya sauka kan mazari. Ta dubi zaren, ta bi shi da kallo har cikin hannun rigar mijinta.

"Malam, ɗaga hannunka."

"Tasalla, ana aikin maza a nan."

Ta kama babbar rigar ta yaye ta sama, fyaɗ! Ga Kawu Nomau tsamo-tsamo cikin rigar sanyin mata, a tsakiyar bazara, hannun dama cikakke, na hagu ya warware har sama da gwiwa, zare na reto daga dantsensa zuwa mazari.

Gwaggo ta yi dariya har ta kwanta a kan taskirarta. Da ta samu numfashi ta ce, "Ashe ba ragon ka aske ba, Tasalla ka aske! Ragon namu ne, amma ba za mu karɓe shi tsirara ba. Ka ci gaba da ba shi dusa har gashinsa ya tsiro. A rage masa zoɓon dai."

Ban cika wata a gida ba ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Ina ɗaki ina cusa kaya a jaka, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Kawu ne, karo na farko da ya fito tun ranar Juma'ar nan. Ya leƙa waje, ya sakaya ƙofa, ya matso kusa da kunnena.

"Sallau, ashe komawa za ka yi?"

"Gobe in Allah ya yarda, Kawu."

"To, Tasalla ta ce ba ni ba tuwonta sai an biya ta rigarta. Ka taimaki kawunka ka aiko da wata." Ya ƙara rage murya. "Amma don girman Allah, ka duba da kyau. Fara tas. Ban da ratsi."