Ranar da Gas Ya Biyo Manya Zuwa Layinmu

Ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe takwas da kwata na safe, motoci uku suka tsaya a ƙofar gidana. Ina tsaye da bargo a kafaɗa da kofin shayin da ya riga ya huce. Mutum tara suka fito. Ɗaya yana riƙe da fayil, ɗaya da sifana, sauran bakwai ɗin kuma suna riƙe da girmansu. Masu kula da gas ne. An kai musu rahoto cewa ina satar gas ɗin unguwa, sun zo cire mini mita a tsakiyar watan Janairu.

Na ji daɗin ganinsu. Hunturu huɗu ke nan ina rubuta musu cewa gas ba ya isowa layinmu, ban taɓa samun amsa ba, har na fara tausaya musu, ina zaton sun kasa gane kwatancen gidan. Ashe sun san hanya.

Bari in koma baya kaɗan. Mahaifina, Abba-ji, shekarunsa tamanin da ɗaya, ciwon gaɓɓai ya lanƙwasa masa yatsu. Ɗakinsa yana can ƙarshen gida, hitarmu ta ɗumama ruwa da gas kuwa tana jikin bangon kicin. Irin wadda ba ta da tanki ce, sai ruwa ya bi ta cikinta take kunnawa. Tsakaninta da famfonsa akwai bututu mai tsawon ƙafa arba'in, sai an zubar da bokiti ɗaya da rabi na ruwan sanyi kafin ɗumi ya iso. Ruwan nan na tanka ne, saye muke yi, domin ruwan gwamnati a jikin allunan talla kawai yake gudu. Abba-ji ba zai iya kallon ruwa yana zuba a banza ba. Da ruwan sanyin farkon yake alwala, ya fito ya ce mana ba komai.

Shi ya sa na je wurin Ustad Mehrban mai gyaran famfo. Ya ce akwai ɗan injin da ke juya ruwan da ya huce a bututu ya mai da shi hita, har mai zafi ya iso bakin famfo ba tare da an zubar da ko ɗigo ba. Iri uku ya nuna mini. Na farko mai agogo ne, kai za ka saita masa lokaci. Na tambaye shi abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta, ya ce agogon yakan koma sha biyu. A gidana ke nan zai rayu ya mutu a kan sha biyu. Na biyu shi ke jin sanyin ruwa ya tashi da kansa, wato zai yini yana tayar da hita tana neman gas ɗin da babu, kamar ni da takarduna. Na uku mai maɓalli ne: ka danna, ka jira minti ɗaya. Ba sai an fasa bango ba, ta bututun ruwan sanyi yake mai da ruwan. Ustad ya gargaɗe ni kada in ɗauki ƙarami don araha, domin idan turinsa bai kai ba, hita ba za ta ma san ana yi ba. Na ɗauki na uku, matsakaici.

Ya yi aiki daidai gwargwadon gas ɗinmu. Ruwan da ke isa wurin Abba-ji ba za a kira shi mai zafi ba, amma dai ya ji labarin zafi.

Matsalar ita ce injin yana da ƙugi. A layinmu kuwa ƙugi abu ɗaya yake nufi. Kowane gida yana da injin zuƙar gas, wanda ke janye ɗan abin da ke cikin bututu kafin ya isa gidan maƙwabci. Doka ta hana, don haka kowa a bayan kicin yake ajiye nasa. Ni kaɗai ne ba ni da shi, ba don tsoron Allah ba, don tsoron gobara. Maƙwabcina Raja Tasawwur, wanda nasa ya fi na kowa girma, ya jiyo ƙugina ta bango a ranar da gurasarsa ta roti ta ƙi kumbura. Ya tare ni a wurin mai madara, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe.

"Bhai Sahib, ɗan'uwana, kada ka raina mini hankali," in ji shi. "Inji a layin nan, kuma ba ya zuƙar na kowa? To me ka saye shi ya yi maka?"

Kwana biyu bayan haka motocin suka iso.

Shugaban tawagar, Mai Girma Babban Mai Duba Harshen Wuta, mutum ne mai natsuwa da rigar sanyi mai tsada. Bai tambaye ni komai ba, ya umurci mai sifana ya kama mita. A daidai lokacin na lura da wani abin da ban taɓa ji ba a layinmu da safe: shiru. Ganin motocin, gida ashirin da biyu sun kashe injinansu a cikin minti guda. Irin wannan haɗin kai ko a jana'iza ba mu taɓa yin sa ba.

Matata Shagufta ta leƙo daga kicin ta yafito ni. Harshen wutar murhu ya tashi shuɗi, tsawon tafin hannu. Muka tsaya muna kallonsa kamar ɗan'uwan da ya dawo daga ƙasar waje.

Abba-ji bai san abin da ake ciki ba. Ya danna maɓallinsa, injin ya yi ƙugi, mutum tara suka nufi banɗaki kamar sun kama ɓarawo da kaya a hannu. Suka tarar da tsoho a tsugune, tururi yana tashi daga famfo. Bai miƙe ba. Ya kamo hannun Mai Girma ya sa a ƙarƙashin ruwan.

"Ɗana, taɓa ka ji. Wannan shi ne abin da muka sata. In za ku cire mitar, ku bari in gama wanke ƙafafuna."

Mai Girma ya zare hannunsa da sauri, domin ruwan ya ƙona shi. Ya duƙa ya bi bututun da ido, ya tabbatar ruwa ne a ciki, ya ce wa mai sifana ya saki mitar. Na sauke numfashi.

Amma manya ba sa komawa ofis hannu wofi. Ya sa aka auna ƙarfin gas, aka same shi cif yadda littafi ya ce. Sai ya buɗe fayil, ga takarduna huɗu a jere, ba wadda ta ɓata, ba wadda ta yi ƙura. Ya rubuta a kan kowace cewa an zo, an duba, ƙorafin ba shi da tushe. Ya nemi shaida daga unguwa. Raja Tasawwur, wanda ke bakin ƙofa tun ɗazu da hannuwa a ƙirji, ya sa hannu, ya ƙara da cewa shi tun da yake bai taɓa rasa gas ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Minti hamsin suka yi, domin Shagufta ta yi ta ƙara musu shayi da gangan. A cikin wannan lokaci ta dafa wake na kwana uku, Abba-ji kuma ya yi cikakken wanka, na farko tun Nuwamba wanda ba a ɗora masa tukunya ba. Motar ƙarshe ba ta gama shan kwana ba layin ya ɗauki ƙugi, harshen wutar ya koma tsawon farce.

Saboda haka, mai karatu, idan kana neman shawara kan wane inji za ka zaɓa, ɗauki mai maɓalli, kada ka ɗauki ƙarami. Sai dai ka sani ba ya aiki sosai sai an haɗa masa da motoci uku da mutum tara, kuma Ustad Mehrban ba ya sayar da su.

Jiya Abba-ji ya tambaye ni yaushe yaran kirkin nan za su dawo. Na zauna na rubuta takarda da hannun hagu, ba suna, ina sanar da Masu Girma cewa mutumin gida mai lamba sha huɗu, wato ni, ya yaudare su, gawurtaccen ɓarawon gas ne, kuma ya fi yin ta'asarsa ranar Juma'a da hantsi, kafin a tafi masallaci. Shagufta ta karanta, ta ce in ƙara cewa mutumin yana da taurin kai, binciken zai ɗauki aƙalla awa biyu. Tana da wankin barguna.