Ranar da Lemuel Ya Kai Muryar Kakarsa Wani Wuri

"…lafiya lau, maigida. Ashe za ka dawo? Na zaci sun riƙe ka a can sun naɗa ka sarki."

Da haka tsohuwa Keziah Tolliver ta tarbi jikanta Lemuel, tana zaune a baranda tana ɓare masara. Ni maƙwabcinsu ne, tare da Lemuel muka dawo daga harabar kotu a wannan bazara ta 1788, inda aka zaɓi masu zuwa Richmond su ce jiharmu Virginia ta karɓi sabon tsarin mulkin tarayyar jihohi ko ta ƙi. Mu a nan ba a ɓoye zaɓe. Mutum zai tsaya gaban jama'a ya faɗi sunan gwaninsa da ƙarfi, ɗan takarar ya miƙe ya yi godiya. Mace ba ta da baki a wurin, sai namiji mai gona. Shi ya sa bara Keziah ta mallaka wa Lemuel gonarta har da gidan, bisa sharaɗi ɗaya: ranar zaɓe ya faɗi sunan Harlow, mai ƙin tsarin, ba Bledsoe mai goyon bayansa ba. Na san abin da ya faɗa, don haka na ja kujerata nesa da kwandon masarar.

"Sarauta kuma, amarya?" in ji Lemuel. "Wa zai naɗa mai mata ba haƙori?"

"Taurin kanka ne ya zubar min da su. Ina aikena?"

"Na isar. Na tsaya, na cire hula, na gyara murya…"

"Ban tambaye ka hula ba."

"Na ce Bledsoe."

Hannunta ya tsaya cak. Ta juyo gare ni. "Jedediah, kunnena ne ya mutu, ko mijin nawa ne ya zautu?"

Na ce mata kunnenta ƙalau yake, har Bledsoe ya miƙe ya rusuna masa.

"To aure ya mutu yau. Tattara komatsanka."

"Gidan nawa ne, da hannunki kika ba ni. Ke za ki tattara."

"Ɓarawon murya kawai. Eka ashirin da biyar na bayar don kalma ɗaya, ka kai wa wani. Giyar tuffa kofi nawa ya ɗura maka?"

"Ɗaya na sha, ita ma ta Harlow ce. Ta Bledsoe ta yi tsami."

"Shekara takwas muna korar sarkin hayin teku, kai da safiya ɗaya ka kira mana wani sarkin daga New York, mazaunin gwamnatin tarayya. Mutanen da ba su san launin ƙasar gonarmu ba, su za su ɗora haraji, su tara soja. Ko layi ɗaya ba su rubuta ba na inda hannunsu zai tsaya."

"Sun ce za a ƙara daga baya."

"Daga baya. Haka kakanka ya ce zai gyara rufin nan. Shekararsa tara a kabari, ruwa na zuba a kaina."

"Ai shi ne wankanki na shekara."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye masarar. "Daga nesa aka aiko aka ɗauki ubanka Amos aikin soja. Takarda ce ta zo da hatimi, ya tafi, ban sake ganinsa ba. Wannan takardar ka zaɓa yau."

"Ba harsashi ne ya kashe Baba ba, Kaka, sanyi ne. Jihohi goma sha uku, kowace tana jiran wata ta aika bargo, ba mai ikon tilasta musu. Sunan Harlow na kan harshena na tuna da wannan."

Tun yana ɗan shekara biyar ban taɓa jin ya kira ta Kaka ba, sai amarya. Ni kaina Harlow na faɗa da safen nan, amma a lokacin raina ya jagule. Gawa ɗaya ce suke ja a tsakaninsu, kuma ban ga wanda ya yi ƙarya ba.

Keziah ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Ta fito da wata riga mai kauri ta gashin tumaki, tana warin akwati. Duk unguwa mun san rigar. Ita ta saƙa wa Amos, ɗan aiken da ta ba ya isa sansanin sojan kwana goma sha ɗaya bayan an binne Amos, ya dawo mata da ita.

"Ungo, mummuna. Gwada."

Ya saka. "Hannun ya yi min tsawo."

"Ubanka namiji ne, kai ɗan tsako." Ta yi 'yar dariya, ba daɗi a cikinta. "Ka yi nasara, maigida. In takardarsu ta zo da sunanka, kada ka jira su tufatar da kai. Wannan karon na riga su."

"Ba za ta zo ba, amarya."

"Cire in rage hannun," ta ce, tana laluben allura. "Ina so ta zauna a shirye."