Digirin Almakashi

A wani gari mai suna Ana-Dubawa, cutar da ta fi cin mutane ita ce son a tafa musu. Mu dattawa muka fi kamuwa, ban kuwa cire kaina ba.

Rijiya ɗaya gare mu, bakinta ma ya fara zaizayewa. Shi ya sa da Ilu ɗan Barau ya tafi birni yin digiri na biyu kan tsara manufofin gwamnati, zuciyarsa tana kan fannin ruwan sha. Makarantar ta ce kowa ya zaɓi fanni guda: ruwa, ko lafiya, ko noma, ko Fannin Ƙaddamarwa, inda ake koyar da riƙon almakashi da yanke ƙyalle a gaban manyan baƙi.

Yaro ne mai ladabi, sai ya dawo gida neman shawara. Muka zaunar da shi a gindin durumi. Baffansa, Malam Tanimu, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an ba mai gyaran famfo kujerar gaba.

"To rijiyar fa, Baffa?"

"Ana dubawa, ɗana. Kai dai karanto abin da zai sa a kira sunanka a lasifika."

Duk muka gyaɗa kai. Ilu ya so ya musa, amma da ya hango kansa cikin babbar riga ana masa tafi, sai ya koma birni ya zaɓi Fannin Ƙaddamarwa.

Ya gama karatu da yabo, Mai gari Alhaji Sai-Gobe ya naɗa shi Sarkin Almakashi. Ilu ya ƙaddamar da famfon da ba a haɗa wa bututu ba. Shekara ta zagayo, aka shafa wa famfon fenti, ya sake ƙaddamar da shi. Da rijiyar ta rufta, ya ɗaura ƙyalle a bakin ramin, ya buɗe shi a matsayin wurin tarihi. Muka tafa har hannu ya yi zafi, muka koma gida muka yi taimama.

Mata suka fara kwashe yara suna barin gari, mahauta da masu shayi suka bi su. Lantana, wadda aka sa musu rana da Ilu, ta aiko masa cewa ba ta ga yadda za ta yi wankan jego da jawabi ba.

Ilu ya rasa rijiyar kakanninsa, ya rasa Lantana, ya rasa masu tafi. Almakashi kaɗai ya rage masa, yana ƙyalli, don babu laimar da za ta sa shi tsatsa.

Jiya mun sake zama a gindin durumi, ƙanen Ilu ya zo neman shawara. An ce makarantar ta buɗe Fannin Bikin Rufewa.