Igiyar rijiyar surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. A gidan surukina aka yi, can wajen unguwar Miskine. Da hantsi, mata na tsaka da girki, igiyar rijiya ta tsinke. An samo wani guntu, amma ƙulli ba ya wuce puli, ƙarfen nan mai juyawa da ake jan guga da shi. Dole a yi dogon haɗi, a saƙa su zama igiya ɗaya.

Surukina ya tsufa yana ɗaure kaya a motocin Kamaru, wannan aikinsa ne. Ni kuwa waya nake sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar, shekara biyu ina neman ranar da zai daina yi mini kallon mai laushin hannu. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, ku huta, na iya." (Sau ɗaya na taɓa gani, a bidiyo.)

Ƙa'ida ita ce a warware kamu biyu a kowane ɓangare, a kwantar da kowane sili a gurbin ɗan'uwansa. Ni na ga ɓata lokaci ne. Na warware taƙi ɗaya, na cusa, na sa reza na aske bakunan tas don ya yi kyau. Baba ya ce, "Ka bar musu jela." Na ce, "Sabon salo ne, Baba." Wallahi da za a mayar da ni ranar, da na mari kaina!

Guga ya cika, na ja da ƙarfi don kowa ya gani. Haɗin ya zame. Guga ya koma ƙasa, ni na tafi rigingine cikin caɓi da sabuwar shaddata, hula a kwata. Wan matata ya leƙa rijiya, ya dube ni, ya ce da yaren Sango, "Singila mingi." Godiya yake yi mini, mugun!

Baba bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da aka ciro gugan, ya zauna ya warware kamu biyu, ya ce, "Zo riƙe mini nan." Haka na tsuguna jiƙe a gaban baƙi har ya gama.

Guntun haɗina har yau yana rataye a zaurensa. Yanzu ko zaren allura ne ya tsinke a gidan, cewa nake yi, "A kira Baba."