Ranar da Kaka Wiebe Ya Zuƙe Tafki

"Yunwar duniya? Ni da na ƙare ƙuruciyata ina korar teku daga gonakin Holan? Ku matsa ku ga aiki!"

Wiebe Hoekstra ke nan, yana murza gashin-baki, ranar da makarantar su Fenna, jikarsa, ta gayyaci kakanni. Tsohon ma'aikacin hukumar magudanar ruwa ne, kuma ritaya ba ta warkar da shi ba. Bawan Allahn nan, in gaya maka, ko a kwanon wanke-wanke ya ga ruwa kwance sai ransa ya ɓaci.

Ajin su Fenna na da wasan kwamfuta mai koya wa yara yaƙi da yunwa. Tun farkon zango suke rainon wani ƙauye a cikinsa: sun haƙa tafki, sun shuka dawa, sun sayi awaki. Washegari za a duba ajin da ƙauyensa ya fi ƙoshi, a kai shi yawon gidan namun daji.

"Kaka, kallo kawai aka ce ku yi."

"Kallo aikin ragwaye ne, 'yar nan."

Yana zama gaban allo idonsa ya faɗa kan tafki.

"Wane sakarai ne ya bar ruwan nan yana cin fili a banza?"

"Malam Hoekstra," in ji Malama Liesbeth, malamar ajin, "ƙasar fari ce fa, ruwan nan shi ne…"

"Malama, ki riƙe allinki. Ruwa fannina ne."

Nan take ya kafa injuna, ya zuƙe tafkin tas. Dawa ta sunkuya, ta bushe. Gogan naka ya tafa wa kansa.

"Kun gani? An samu fili!"

Ya cika filin da furanni, layi-layi, gwanin sha'awa. Awaki suka cinye su. Ya fusata, ya sayar da awakin, ya saya wa kowa keke.

"Kaka, keke za su ci?"

"Ci gaba ke nan, sarkin surutu. Kin taɓa ganin mai keke yana kuka?"

Mutanen ƙauyen kuwa suka ɗaure kayansu, suka hau kekunan har da tsofaffi, suka miƙe hanya sai ƙauyen ajin da ke maƙwabtaka, abokan gasa. Ta bango aka jiyo ihun murna. Fenna ta fashe da kuka, sauran yara suka taya ta.

"Dabara ce," in ji Wiebe, gumi na tsatso masa. "Ƙauyen da babu kowa ai babu mai jin yunwa."

Sai allon ya cika da 'yan agwagi masu rawa, wata murya mai lallashi ta fito:

"Sannu, ɗan ƙaramin yaro! Wannan wasa ya fi ƙarfinka. Je ka kira babba ya taimake ka."

Kakanni suka duƙar da kai, kafaɗu na rawa. Fenna ta share hawaye, ta zo ta kama hannunsa.

"Tashi, Kaka. Babbar ta iso."