Kwalbar Tsoho Lafourcade

Wani ne a ƙauyukan bayan birnin Bordo, can ƙasar Turawa, ya ga wata yarinya mai suna Maylis, ya ce shi duniya ba wadda zai aura sai ita. Ita ma ta amince. Saura ubanta, tsoho Lafourcade, mutumin da rabon da a ga haƙoransa tun ranar da ya je wajen likitan haƙori.

Tsohon nan yana da kwalba ɗaya ta jan giyar inabi, daga ɗaya daga cikin manyan gidajen giyar nan na yankin Medok da ake cire hula kafin a ambaci sunansu. Shekarar da aka haifi Maylis ya saye ta, ya kwantar a ɗakin ƙasa, ya rantse ba za a buɗe ba sai ranar da mijin kirki ya zo neman 'yarsa. Shekara talatin da wani abu ke nan, kwalba tana kwance, Maylis tana zaune.

Ranar Lahadi da saurayin ya zo neman auren, suna bakin ƙofa, Maylis ta kama hannun rigarsa.

"Don Allah ka rage magana. Wanda ya zo kafin kai ƙanƙara ya nema a saka masa a giya. Ko cukui bai kai ga ci ba Baba ya miƙo masa hularsa."

"Haba, ni da na tashi a gindin inabi?"

Gaskiya ne, a gindin inabi ya tashi. Sai dai irin wanda ake auna giyarsa a jarka.

Da aka gaisa, tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya biyo shi. Suka sauka ɗakin ƙasa. Tsoho ya ɗauko kwalbar a kwance da hannu biyu, kamar mai ɗaukar jariri, ya miƙa masa ya riƙe kafin ya rufe ƙofa. Gogan naka ya ga ƙura ta yi wa kwalba riga, har da yanar gizo. Tausayi ya kama shi. Ya zaro hankici, ya tofa yawu, ya murje ta tas, har rabin takardar da ke jikinta ya biyo hankicin.

Tsoho ya juyo. Ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Ƙurar nan," ya ce a hankali, "ta girmi motarka."

"Ai na ga alama, Baba. In na shigo gidan nan zan riƙa zuwa ina share muku wurin."

"Ban zama babanka ba tukuna."

A tebur, uwar Maylis, Madam Odile, ta zuba wa kowa romon kabeji da naman agwagwa. Tsoho ya kunna kyandir da rana tsaka, ya shiga tsiyaya giyar cikin tulun gilashi, yana leƙen wuyan kwalba don kada laka ta bi. Ba mai ko tari. Gogan naka ya ce a ransa, Allah sarki, ashe har wuta aka yanke musu.

Aka zuba masa ɗan kaɗan a gindin kofi. Wannan ma ya ƙara masa tausayi.

"Sunsuna," in ji tsoho. "Me ka ji?"

Ya sunsuna. Ya dubi Maylis, ta zare masa ido. Amma shi mutum ne da bai iya ƙarya ba, bai ma iya komai ba.

"Gaskiya, kamar tsohon takalmi."

"Fata," in ji tsoho, ya gyara zama. "Ci gaba."

"Da ruɓaɓɓen ganye. Da kuma ɗakin kakata in an yi ruwa."

Tsoho ya lumshe ido. "Fata, ganyen daji, ƙasa mai danshi. Odile, yaron nan yana da hanci."

Madam Odile ta share ƙwalla. Maylis ta sauke ajiyar zuciya. A daidai wannan lokacin, da gogan naka zai rufe bakinsa ya ɗaure hannuwansa, da an sa ranar biki kafin a kawo gasasshen nama.

Amma shi ga abin da ya fahimta: giya ta lalace, ya faɗa musu a gaban idonsu, kuma mutanen kirkin nan saboda talauci da kunya suna yabonsa. Ya ce a ransa surukin kirki ba ya barin iyayen matarsa su sha wahala.

To a ƙauyensu, in romo ya kusa ƙarewa, sai a tsiyaya jan giya cikin kwanon, a karkaɗa, a ɗaga da hannu biyu a kwankwaɗe. Haka kakansa yake yi, kuma kowace irin giya ta shiga romon agwagwa sai ta shiryu. Sai ya juye kofinsa cikin kwano, ya karkaɗa, ya kafa kai. Ya goge baki da bayan hannu.

"Yauwa. Yanzu ta dawo hayyacinta."

Kafin wani ya motsa, ya miƙe ya ɗauki tulun. Ya bi kwanon Madam Odile, ya bi na Maylis, ya zo kan na tsoho ya juye sauran duka, saboda girmamawa. Kitsen agwagwa ya taso yana yawo a kan shekara talatin.

"Ku sha, kada ku ji kunyata. Kuma akwai jarka a mota, ta bana ce, sabuwa fil. Na bar muku."

Tsoho Lafourcade ya dubi kwanonsa. Wani ɗan ganyen kabeji ya juya a ciki ya nutse. Ya ajiye cokali, ya naɗe adikon cinyarsa, ya miƙe tsaye.

"Odile, kawo masa hularsa." Ya juyo ga gogan. "Shekara talatin ina tattalin kwalbar nan. Kai kuma kana ganin bayan abin da ka yi zan ɗauki 'yata in ba ka?"

"Ai gara ka ba ni ita yau, Baba. Na ga yadda kake ajiye abu har ya lalace."